Yadda zaka faɗaɗa karatunka daga littattafan kuɗi zuwa na tarihi ba tare da ka watsar a hanya ba

Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafan kuɗi, irin na tattali da zuba jari da hannayen jari da bashi, akwai lokacin da zai fara jin kamar magana ɗaya ake ta maimaita masa. Ka kashe ƙasa da abin da kake samu, kar ka zuba jarinka wuri ɗaya, ka yi haƙuri kasuwa tana dawowa. Shawarwari ne masu kyau kam, ni ma ina aiki da su, amma in ka lura yawancin marubutan daga ƙasa ɗaya suke ɗauko hujjarsu, wato Amurka, kuma daga ɗan wani zamani da abubuwa suka yi mata kyau. Wanda ya sayi hannun jari a Japan a ƙarshen Disambar 1989, lokacin da ma'aunin Nikkei, mai auna farashin hannayen jarin ƙasar, ya kai 38,915, sai a Fabrairun 2024 ya sake ganin wannan lambar, shekara 34 kenan. Wanda kuma ya ba gwamnatin Rasha bashi kafin juyin juya halin 1917, a farkon 1918 sabuwar gwamnati ta ce ba ta san da wannan bashin ba, shikenan. Irin waɗannan abubuwan littafin kuɗi zai ambace su a layi biyu ya wuce, amma littafin tarihi ne zai zauna ya faɗa maka yadda aka yi aka kai can.

Mai karanta kuɗi kaɗai kamar wanda ya shigo tsakiyar hira ne, yana jin abin da ake cewa amma bai san abin da ya kawo maganar ba. To ga yadda nake ganin ya fi sauƙi mutum ya koma farkon hirar, mataki mataki.

Mataki na farko: gyara zaman karatun kansa

Littafin kuɗi ana iya karanta shi guntu guntu, babi ɗaya yau, wani bayan kwana biyar, ba abin da zaka rasa saboda kowane babi kusan tsaye yake da ƙafarsa. Tarihi ba haka yake ba. In ka ajiye shi mako guda, ka dawo zaka tarar ka manta waye ministan da aka kora da kuma dalilin da ya sa ƙasashen biyu suke rigima, daga nan sai gajiya ta shigo. Saboda haka kafin ma ka zaɓi littafi, ka ware lokaci ɗaya tsayayye a kullum, minti 30 zuwa 40 ya isa, a sa'ar da kanka yake a sake. Kullum kaɗan ya fi awa huɗu rana ɗaya a mako, nesa ba kusa ba. Wayar ka ajiye ta inda sai ka tashi tsaye kafin ka ɗauko ta, in kuma a wayar kake karatun to ka kashe data tukunna.

Kuma kar ka yi wa littattafan kuɗin saki uku. Ka bar ɗaya a gefe don ranakun da kai ya yi nauyi, na tarihin ya zama shi ne babban karatu. Biyu dai, kar su wuce haka.

Mataki na biyu: fara da tambaya, kar ka fara da jerin sunayen littattafai

Mutane da yawa abin da suke yi shi ne su shiga intanet su nemo "littattafan tarihi goma da ya kamata kowa ya karanta", su sayi uku, su fara ɗaya mai shafi dubu a kan daular Rum, bayan shafi sittin an kife shi. Ba laifin littafin ba ne, kawai dai ba abin da ya haɗa shi da abin da ke cikin kanka yanzu.

Abin da zaka yi, ka ɗauko littafin kuɗin da ka fi so, ka bi shi da fensir kana neman duk inda marubucin ya ambaci shekara ko wani abin da ya faru sannan ya wuce da sauri. Zaka ga irin su "bayan faɗuwar kasuwa ta 1929", ko "tun da aka raba dala da zinariya", ko "rikicin 2008". Kowanne ka mayar da shi tambaya ka rubuta. Me ya sa dala ce kuɗin da duniya take ciniki da shi? Wa ya fara ƙirƙiro babban banki, kuma don me? Ta yaya kuɗin ƙasa yake zama takardar banza?

Ɗauki ta farkon ka ga yadda take jan mutum baya. A ranar 15 ga Agustan 1971 shugaba Nixon ya sanar cewa Amurka ta daina ba ƙasashe zinariya a madadin dala. To dama akwai alkawarin hakan kenan? E, daga taron Bretton Woods na 1944, inda wakilan ƙasashe 44 suka zauna aka ɗaure kuɗaɗensu da dala, dala kuma da zinariya a kan dala 35 kowace oza. Me ya sa dala ba fam ɗin Ingila ba, alhali fam ne yake sarauta kafin nan? Saboda yaƙe yaƙen duniya guda biyu sun cinye dukiyar Ingila sun bar ta da bashi. Kaga tambaya ɗaya ta kai ka yaƙin duniya na farko ba tare da ka ji an tilasta maka ba. Ta biyun ma haka, Bankin Ingila an kafa shi ne a 1694 don a ranta wa gwamnatin Sarki William na uku fam miliyan 1.2 ta ci gaba da yaƙi da Faransa. Yaƙi ne ya haifi bankin, kuma in ka fara bin wannan zaren zaka yi mamakin yawan abubuwan harkar kuɗi da yaƙi ya haifa.

Cikin tambayoyin da ka rubuta, zaɓi wadda ta fi ci maka rai. Ita zaka nemo wa littafi.

Mataki na uku: tsallaka ta kan tarihin kuɗi, abu ɗaya a lokaci ɗaya

Littafinka na farko ya kasance a kan wani abu guda da ya faru, mai farko da ƙarshe, wanda kuɗi ne a tsakiyarsa. Dalili kuwa, rabin kalmomin ka riga ka san su, kuɗin ruwa, hauhawar farashi, karyewar banki, saboda haka ƙwaƙwalwarka zata samu sararin ɗaukar sababbin abubuwan, wato mutane da siyasa da wurare.

Akwai ƙofofi masu kyau da yawa. Akwai 1720, shekarar da kamfanin South Sea a Ingila da tsarin John Law a Faransa suka kumbura suka fashe kusan a tare. Akwai 1929, shekarar da kasuwar hannayen jarin Amurka ta faɗi. Akwai 2008 da durƙushewar bankin Lehman Brothers a ranar 15 ga Satumba, wannan ma yana da sauƙi don wasunmu sun ga labarin da idonsu. Amma in ni zan zaɓa wa mutum, Jamus ta 1923 zan ba shi, don ba inda zaka ga kuɗi da siyasa da rayuwar talaka sun cakuɗe kamar nan.

A 1914 dala ɗaya kusan mak 4.2 ce, mak shi ne kuɗin Jamus a lokacin. A Nuwamban 1923 dala ɗaya ta koma mak tiriliyan 4.2. Ma'aikata har sau biyu ake biyansu a rana, mutum ya karɓa ya ruga ya kashe kafin yamma don in ya kwana da su sun rage daraja, wanda ya yi shekara talatin yana tara kuɗin tsufa a banki ya wayi gari abin da ya tara bai kai kuɗin kan sarki na aika wasiƙa ba, wanda ake bi bashi kuma ya biya da takardun da ba su da amfani ya huta. Littafin kuɗi a nan zai tsaya ya ce maka "kar gwamnati ta riƙa buga kuɗi barkatai", kuma gaskiya ne. Amma littafin tarihi zai tambaya me ya sa suka buga. Sai ka ji Jamus da bashi ta yi yaƙin 1914 zuwa 1918 tana sa ran in ta ci nasara waɗanda aka ci su biya, sai aka ci ta, aka yi yarjejeniyar Versailles a 1919, a 1921 aka yanka mata diyyar mak biliyan 132 na zinariya, da ta gaza biya a kan lokaci sojojin Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin masana'antu na Ruhr a Janairun 1923, gwamnati ta ce ma'aikata su ƙi aiki ita zata biya su, da me zata biya, da injin buga kuɗi.

Sannan ga inda abin yake daɗa armashi. Mu masu karanta kuɗi da yawa mun ɗauka hauhawar farashin ce ta ɗora Hitler a mulki. To a Nuwamban 1923 ɗin dai ya gwada juyin mulki a Munich bai yi nasara ba, aka ɗaure shi, a zaɓen 1928 jam'iyyarsa kashi 2.6 cikin ɗari kawai ta samu. Sai bayan 1929, da bankunan Amurka suka janye rancensu, farashi ya riƙa faɗuwa maimakon hawa, marasa aikin yi suka kai wajen miliyan shida, sannan ne a Yulin 1932 ta samu kashi 37, ya zama shugaban gwamnati a Janairun 1933. Hauhawar 1923 ta karya amanar mutane, wannan ba shakka, amma rashin aikin yi ne ya buɗe ƙofar. Wallahi irin wannan gyaran fahimtar shi ne ribar karatun tarihi, kuma bazaka same shi a taƙaitaccen bidiyo ba.

Mataki na huɗu: yadda ake tantance littafi kafin a saya ko a aro

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Duba shekarar da aka fara buga shi, ba shekarar sabon bugu ba. Duba waye marubucin, malamin tarihi ne ko ɗan jarida ko ɗan siyasar da yake wanke kansa, dukansu ana karanta su amma ka san da wa kake magana. Juya bayan littafin ka ga ko akwai madogara, wato inda ya samo bayanansa, littafin tarihin da ba ya nuna inda ya samo magana ni dai ba na sakin jiki da shi. Sannan ka karanta gabatarwa, ka kuma buɗe tsakiya ka karanta shafi biyu, don gabatarwa kowa yana ƙawata ta, a tsakiya ne zaka san ko zaka iya zama da salon mutumin.

Littafinka na farko da na biyu kar su wuce shafi 300 zuwa 350. Tarihin rayuwar mutum ɗaya shi ma hanya ce mai sauƙi saboda kana da wanda zaka riƙe wa riga har ƙarshe. Manyan littattafan nan masu cewa zasu ba ka tarihin duniya gaba ɗaya ka bar su sai gaba, suna da daɗi amma in ba ka da ƙananan labarai a kanka bazaka iya gane inda marubucin ya yi tsalle ya bar hujja a baya ba. In akwai laburare kusa da kai ka fara arowa, in littafin ya kama ka sai ka sayi naka da zaka iya yi wa rubutu.

Mataki na biyar: canza yadda kake karatun

A nan ne yawanci ake faɗuwa, saboda mun saba da karatu muna farautar "me zan yi gobe". Littafin kuɗi yana ba ka wannan a ƙarshen kowane babi. Tarihi ba zai ba ka ba, kuma in ka shiga da wannan yunwar zaka ji kamar ɓata lokaci kake. Tambayar da zaka riƙe a nan daban ce: su waɗannan mutanen me suka sani a ranar, me suke tsoro, wane zaɓi ne a gabansu? Kai ka san yadda labarin ya ƙare, su ba su sani ba. Wanda ya sayi hannun jari a Satumban 1929 ba wawa ba ne, shekaru yana ganin maƙwabtansa suna samu, jaridu da manyan masana suna cewa komai lafiya.

Kayan aiki uku nake ba da shawara. Na ɗaya kuma mafi muhimmanci, takardar jerin shekaru. Ɗauki farar takarda ɗaya ka kwantar da ita, ka ja dogon layi daga hagu zuwa dama, ka rubuta shekarar farkon littafin a wannan bakin, ta ƙarshe a wancan. Saman layin na siyasa da yaƙi ne, ƙasan layin na kuɗi. Misali a sama ka sa 1919 yarjejeniya, 1923 mamayar Ruhr, a ƙasa daidai ƙarƙashinta ka sa faɗuwar mak, ka ja ƴar kibiya tsakaninsu. Da fensir zaka yi don zaka yi ta gogewa. Ka ninke ta ta zama ita ce alamar inda ka tsaya a littafin, kullum ka buɗe sai ka fara kallon ta na minti ɗaya. Kafin ka gama littafin takardar ta yi duƙun duƙun, gefenta ya lanƙwashe, kibiyoyi sun hau kan juna, amma ita ce zata zauna a kanka bayan ka manta jimlolin marubucin. In ka fara littafi na biyu ka liƙa mata wata takardar a gefe, a hankali sai ka ga kana gina tarihin da kanka.

Na biyu taswira. Duk wurin da aka ambata sau uku ka neme shi, a waya ma ya isa. Da ka ga inda Ruhr yake kusa da iyakar Faransa da Beljiyam rabin bayanin ya shiga. Na uku jerin sunaye a bangon ciki na littafin, suna da muƙami a kalma biyu ko uku, mutum goma sun isa, sauran ka bar su su wuce, ba jarrabawa zaka rubuta ba.

Sai maganar lambobi, tunda mu mutanen lissafi ne. In ka ga an ce fam miliyan ɗaya a 1694 kar ka yi saurin juya shi zuwa kuɗin yau, irin wannan lissafin yana yaudara. Gara ka nemi abin da ma'aikaci yake samu a shekara a lokacin, ko abin da gwamnati take tarawa na haraji, ka auna da shi. Marubucin kirki yakan ba ka wannan ma'aunin da kansa.

Mataki na shida: a kan abu ɗaya, karanta mutum biyu da suka saɓa

Wannan matakin kar ka tsallake shi don Allah. In ka karanta littafi ɗaya kawai zaka ɗauka tarihi abu ne da aka gama yanke hukunci a kansa, alhali malaman kansu gardama suke.

Ɗauki 1929. Abin da ya faru ba a musu a kansa: ma'aunin Dow, mai auna farashin hannayen jarin Amurka, ya kai 381 a Satumban 1929, ya sauko har 41 a Yulin 1932, kusan kashi 89 cikin ɗari ya tafi, bai koma inda yake ba sai 1954, dubban bankuna suka rufe, a 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki. Amma me ya jawo? John Kenneth Galbraith a littafinsa na 1955 ya fi ɗora nauyin a kan caca da hannayen jari, sayen jari da bashi, da kamfanonin da aka gina kan juna ba tushe. Milton Friedman da Anna Schwartz a nasu na 1963 suka ce babban laifin na babban bankin Amurka ne, da ya zuba ido bankuna suna mutuwa har kuɗin da ke yawo ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kuma wannan gardamar ba ta tsaya a takarda ba, Ben Bernanke wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan zamanin shi ne shugaban babban bankin a 2008, kuma ya buɗe bakin aljihu ne saboda tsoron maimaita abin da ya karanta. Ko ka yarda da abin da ya yi ko ba ka yarda ba, kaga dai karatun tarihi ya taɓa aljihun duniya.

Wani misalin, labarin furen tulip na Holan a 1636 zuwa 1637, wanda kusan kowane littafin zuba jari yake kawowa, wai ƙasa gaba ɗaya ta haukace ta talauce a kan fure. Yawancin wannan hoton daga wani littafin Charles Mackay na 1841 ya fito, shekara ɗari biyu bayan abin. Da malamar tarihi Anne Goldgar ta shiga tsofaffin takardun biranen Holan, a littafinta na 2007 ta nuna farashin ya hau ya faɗi da gaske, amma cikin ƴan kasuwa masu hali ne abin ya fi yawa kuma tattalin arzikin ƙasar bai rushe ba. Daga ranar da ka ga irin wannan, duk labarin da aka kawo maka a littafin kuɗi sai ka tambaya daga ina aka samo shi.

Mataki na bakwai: fita daga Amurka da Turai

Bayan littafi uku ko huɗu zaka lura duk a wuri ɗaya kake zagaye, Landan, New York, Paris. Da gangan zaka fita, in ba haka ba shagon littafi da intanet zasu yi ta dawo da kai can.

Karanta Masar ta ƙarni na 19 in kana son ganin abin da bashi yake yi wa ƙasa. Lokacin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, auduga ta yi tsada, Masar ta samu kuɗi sosai, mai mulkinta Khedive Isma'il ya ci bashi daga bankunan Turai yana gine gine kamar farashin zai dawwama, yaƙin ya ƙare farashi ya sauko. An buɗe mashigin Suwez a 1869, a 1875 ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a kamfanin mashigin a kan kusan fam miliyan huɗu, a 1876 masu bin bashi suka kafa hukumar da take sa ido a kan kuɗin shigar ƙasar, a 1879 aka tuɓe shi, a 1882 sojojin Ingila suka shigo. Daga rance zuwa mamaya, ƙasa da shekara ashirin.

Karanta Sifaniya, wadda ta samu dutsen azurfa na Potosi a 1545, a ƙasar Bolibiya ta yau, azurfa tana ta kwarara amma Sarki Philip na biyu ya kasa biyan bashinsa a 1557 da 1575 da 1596, saboda yaƙe yaƙe suna cin kuɗin tun kafin jirgi ya iso, wani kaso mai yawa na azurfar kuma can Sin ta ƙare. Sin ɗin ma, tun farkon ƙarni na 11 a zamanin daular Song gwamnati take buga kuɗin takarda, ɗaruruwan shekaru kafin Turai. Akwai hajjin Mansa Musa na Mali a 1324, da ya raba zinariya a Alƙahira har marubuci al-Umari, wanda ya zo bayan wasu shekaru, ya ruwaito cewa darajarta ta faɗi. Sannan Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya yi bayanin yadda daula take farawa da haraji kaɗan tana samun kuɗi da yawa, in ta tsufa ta saba da jin daɗi sai ta tsananta haraji abin da take samu kuma ya ragu. Shi dai ka bari sai ka ɗan yi ƙwari, ba littafin gaggawa ba ne, amma ka sa shi a lissafi.

Mataki na takwas: saki kuɗin gaba ɗaya

Wata rana zaka ji kana son sanin yaƙin duniya na farko don shi kansa, ba don abin da ya yi wa fam ba. In ka ji haka ka bi shi, ka iso inda ake so kenan. Karanta tarihin annoba, na addinai, na bauta, na kimiyya, na wani birni, na mata da iyali, abin da duk ya ja ka. Kar ka ji kamar kana cin amanar burinka na neman arziki, ai ba komai ne sai ya koma riba ba, sanin yadda mutane suka rayu kafin kai abu ne mai daraja a karan kansa.

Abin mamakin ma kuɗin zai biyo ka can. Ka ɗauki littafi a kan annobar da ta shiga Turai daga 1347 zuwa 1351 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanenta, kana tsammanin labarin cuta ne kawai, sai ka tarar ma'aikata sun yi ƙaranci, lada ya tashi, masu gonaki a Ingila suka sa aka yi doka a 1351 don a daskarar da lada, bayan shekara talatin a 1381 manoma suka yi bore. Idon da karatun kuɗi ya ba ka zai sa ka ga abin da wani mai karatun zai wuce bai gani ba.

Sai dai a kula da abu ɗaya, kar ka zama mai cewa "ai yanzu daidai 1929 muke" duk lokacin da kasuwa ta girgiza. Tarihi yana nuna maka irin abin da zai iya faruwa da yadda mutane suke yi in sun tsorata ko sun yi kwaɗayi, ba ya ba ka ranar da za a yi. In ka ga kamanni tsakanin da da yanzu, ka tilasta wa kanka rubuta bambanci uku kafin ka taɓa jarinka.

Mataki na tara: in ka maƙale, da kuma yadda zaka samu na gaba

Zaka maƙale, kowa yana maƙalewa. In babi ya cika da sunayen rundunoni ko muhawarar majalisa, karanta sakin layi na farko da na ƙarshe ka wuce, ba haramun ba ne. In ka kai shafi 60 ko 70 har yanzu ba ka damu da abin da zai faru ba, ajiye shi ka nemi wani a kan maudu'in ɗaya, sau da yawa matsalar salon marubucin ce. Littafin sauraro yana taimakawa ga labarin rayuwar mutum, amma mai yawan shekaru da lambobi gara ido, don kunne ba ya riƙe su.

Duk littafin da ka gama, kafin ka mayar da shi kan kanta, rubuta rabin shafi da kalmominka: me ya faru, me marubucin yake cewa ya jawo shi, ina ne ba ka gamsu ba. Sannan ka samu mutum ɗaya ka ba shi labarin da baki, aboki ko ɗan uwa, inda ka fara kame kame a nan ne ba ka gane ba, sai ka koma wannan babin.

Na gaba kuma ba sai ka je neman shawara ba. Buɗe madogarar littafin da ka gama, ka duba babin da ya fi burge ka, ka ga sunan wa marubucin ya fi yawan ambata, ko wanda yake ta ƙoƙarin ƙaryatawa. Ɗaya daga cikin biyun nan shi ne littafinka na gaba, kuma in da hali ka fara da wanda ake ƙaryatawar.